Doka ta Tara

"Wanda bai san doka ba ya rufe mana baki!" Mushe Dalhatu, wato malamin makarantar boko, ya rubuta a zauren Fesbuk na 'yan wasan Jaruman Kogo, wasan da ake zama kan tabarma, a jefa ƙwayar ludo, kowa ya ja jaruminsa cikin labari.

Shi ya tsara dokokin. Ta tara ce abar alfaharinsa: duk wanda ya tashi daga tabarma kafin a gama, jaruminsa ya mutu, babu roƙo.

Sai ga wani sabo mai kiran kansa Tsohon Dodo yana cewa dokar ta yi tsauri, ai akwai uzuri.

"Uzurin banza," in ji Dalhatu. "Daga ganin rubutunka baƙauye ne kai. In ka isa, ka zo Mayahi ran Asabar mu zauna gwiwa da gwiwa."

Ran Asabar ya baje a tsakiyar tabarma, ƙafa a miƙe, yana kirarin jarumin da ya shekara uku yana reno. An jefa ƙwayar farko ke nan moto, wato babur, ya tsaya a ƙofa. Alhaji Na Allah ne, uban matarsa.

Dalhatu ya zabura, ya koma can bakin zana ya durƙusa, kai a ƙasa. Wa ya taɓa haɗa tabarma da surukinsa?

Alhaji ya zauna a gurbinsa, ya gyara gilashi.

"To, ga baƙauyen ya iso. Wani ya karanto mana doka ta tara."