Abin da Ta Bari a Firiza

Wuƙar ta zame daga kan ƙanƙara ta huda bangon firizar, sai iska ta fara tsiyaya tana huci. Maigidan ya danne ramin da yatsa har mai gyara ya iso.

"Haba maigida! Wa yake sassaƙar ƙanƙara da wuƙa? Ka huda bututun gas. Wannan kam sai dai a yi mata addu'a."

"Aljihun firizar na ƙasa ne ya maƙale. Abincin 'yata ne a ciki."

"To a dafa a cinye, kafin yamma komai ya narke."

Wannan ba abin dafawa ba ne. Ya jawo aljihun, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Ƙananan kwalabe ne a jere, nonon da matarsa ta riƙa tatsa kafin ciwon ya tafi da ita. Surukarsa ta yarda jaririyar ta zauna wurinsa, amma iya zuwa ranar da nonon zai ƙare.

Yana nannaɗe kwalaben a bargo aka yi sallama. Wata mata ce da bai taɓa gani ba, da zanen goyo a kafaɗa.

"Ni ce gwaggon marigayiya, surukarka ce ta aiko ni. An ce firizarku ta mutu."