Likitan da Ya Guje wa Wuƙa

A ƙasar Faransa, zamanin da ba a san allurar kashe zafi ba, an yi wani likitan fiɗa da hannunsa ya yi suna. Ɗan wanzami ne, a shagon ubansa ya fara riƙe aska. Daga nan ya shiga makarantar likitoci, ya yi shekara da shekaru yana buɗe gawa yana bin jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, har ya san cikin jikin ɗan Adam kamar yadda uwargida ta san madafarta. Ya bi sojoji fagen fama yana ciro harsashi, ya dawo birni yana koyar da ɗalibai. Mutumin kirki ne, ba ya korar talaka daga ƙofarsa, sai dai fa ba shi da haƙuri da mai raki. In majinyaci ya fara kuka tun ba a taɓa shi ba, sai ya ɗaure fuska, ya sa ƙarti su danne shi, ya gama aikinsa cikin ƙiftawar ido. Yana wanke hannu yana mamakin yadda ƙaton mutum zai ji tsoron abin da zai cece shi.

Da girma ya kama shi, sai wani ƙari ya fito masa a gefen wuya. Yana shafawa da yatsa ya gane ko mene ne, ya kuma san in ba a cire shi ba zai shaƙe shi kafin shekara ta zagayo. To, nan fa ake yin ta. Shi ne ya san babbar jijiyar jini tana kwance dab da wurin, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya kai shi kabari. Ya kira gwanin ɗalibansa, ya tsaya gaban madubi ya zana layin yankan da tawada a wuyansa, sannan ya ce a dawo gobe. Da gari ya waye ya ce wuƙar ba ta yi kaifi ba. Aka wasa, ya ce hasken ɗakin bai isa ba. Aka buɗe tagogi, ya ce mura yake yi. Matarsa, wadda ta tsufa tana wanke masa riguna masu jini, tana kallonsa dariya na cin ta, tausayi kuma ya fi dariyar yawa, don ta ga loma ta fara gagararsa haɗiya. Ran nan da safe ta kirawo ɗalibin da ƙartin, ta kulle ƙofa, ta zauna ta buga cinyarta ta ce, "Maigida, ni ban shirya zaman takaba ba. Zo ka kwanta." Ya ɗora kansa a cinyarta. Ihun da ya kurma, har mai burodin bakin titi sai da ya leƙo. Aka cire ƙarin lafiya, ya warke, ya ƙara shekaru masu albarka. Tun daga ranar ba a sake jin ya tsawata wa mai kuka ba. Sai ya jawo kujera, ya riƙe hannun majinyaci har ya natsu, sannan ya ɗauki wuƙa.

Saboda haka kada ka yi wa mai tsoro dariya don yau askar tana hannunka. Masu iya magana sun gama zance da suka ce wanzami ba ya son jarfa.