Layin da Ya Tsaga Titin Su Nimatu

Tun da safe Tamimu yake jigilar mutane kyauta a tasinsa, daga unguwar Mount Hope zuwa makarantar da ake zaɓe. Nimatu ce ta arba'in da uku.

Layin iyakar mazaɓa ne ya sa ta baro tsohuwar da take jinya. 'Yan majalisa sun sake zana mazaɓu, suka tsaga titinsu gida biyu, aka watsa 'yan Zango, Hausawan da suka zo ci-rani, nan da can. Da mai benen da suke haya ya ba su wa'adin tashi, ofishin wakilin wannan mazaɓa ya ce su je can, na can ya ce ba nasa ba ne. Yau kuwa ake tambayar jama'a: a ƙwace zanen daga hannun 'yan majalisa ko a bar musu? Duk fatanta ya rataya a nan.

To wa ya san zaɓe kamar Tamimu? Sati shida yana tara su bayan Juma'a, bakinsa ba ya gajiya. Takardar gwajin ƙuri'ar ma da hannunsa ya zana. "Ku duba ƙasa, za ku ga Eh. Ku cike, ku fito."

Ya faka can nesa da ƙofar da ɗan sanda yake tsaye.

"Yaya Tamimu, ba ka shiga?"

"Na jefa tawa da sassafe. Je ki."

Ta duba takardar sama da ƙasa, sunaye ne zalla. Kunya ta hana ta tambaya. Ta cike abin da ta gani, na'ura ta haɗiye. Tana waiwayowa sai ta ga wata mata ta juya tata takardar. Ashe tambayar a baya take!

Ta fito da sauri. A waje ta tare 'yan unguwarsu, Hajiya Zeinabou da Ishawu, ta buga wa waɗanda suka koma gida waya. Ko mutum ɗaya bai juya ba. A Kumasi ko Yamai wa yake leƙa bayan ƙuri'a?

Ta isa tasin tana kuka. "Mu arba'in da uku, duk a banza! Kai da ka jefa taka, ba ka ga bayanta ba?"

Tamimu ya juyo ya dube ta.

"Nimatu, shekarata goma sha tara a garin nan babu takardar zama. Wallahi ban taɓa taka ɗakin zaɓe ba."