Lissafin Baba Dantong

Baba Dantong ya ɗauki alli ya zana alamar tarawa a allon zauren coci, ya juyo yana duban ɗalibai kamar shi ya ƙirƙiro ta.

"Me kuka gani? Gicciye. To ku faɗa mini yadda wanda bai san gicciye ba zai koya wa 'ya'yanmu lissafi."

Iyakar saninsa da lissafi ƙirga gwangwanayen madara ne a Vom kafin ya yi ritaya. Amma dattijon ikilisiya ne a unguwar Kabong, muryarsa ta fi ta kowa, kuma ba a taɓa jin ya bar wani ya kai ƙarshen magana ba.

Abin da ke cinsa 'yarsa ce, Kangyang. Sau biyu tana faɗuwa kwas ɗin lissafi na kalkulas a kwaleji, in ta sake faɗuwa korarta za a yi. Baba Dantong ya tambayi sunan malamin, aka ce Dakta Abdulfatah, shi ke nan ya gama shari'a. Tun rikicin da aka yi a gari yake cewa an ajiye adda an ɗauki jan biro. Cewa shi da kansa yake jan yarinyar zuwa kowane taron addu'a, har ranakun lacca, wannan bai shiga lissafinsa ba. Bai taɓa ganin Daktan ba, amma yana iya kwatanta maka shi har tsawon gemu.

Ana cikin haka sai Funke, wata Bayarabiya a ƙungiyar mawaƙa, ta ce mijinta Opeyemi ya yarda ya riƙa zuwa ran Asabar yana yi wa yaran kwaleji bitar lissafi kyauta. Wani siriri ne marar hayaniya, haɓarsa tas. Ranar da ya fara zuwa, Kangyang na ganinsa biro ya faɗi daga hannunta. Baba Dantong ya rungume shi, ya raɗa masa suna Ɗan'uwa Ope.

Opeyemi ya ce, "Baba, gara dai ka sani tun yanzu, ni..."

"Na sani, ɗana. Cocinku na Yarabawa kake zuwa. Ba komai, Ubangiji ɗaya ne."

Rabaran, limamin cocin, ya buɗe baki zai sa magana, tuni dattijo ya ta da waƙa.

Daga nan ya mai da kansa mai kula da ajin, ba wanda ya naɗa shi. Shi ke zama a bencin gaba, shi ke buɗewa da addu'a, don Ɗan'uwa Ope kullum cewa yake addu'a ta manya ce. Wata rana dattijo ya tare shi a gaban yara. "Ɗaya sau ɗaya sau ɗaya, nawa ke nan?" Malamin ya ce a lissafi dai ɗaya ne. Baba Dantong ya daki benci don murna, ya ce ga Triniti nan, Allah ɗaya cikin uku, ƙarara a allo, ya kwashe makonni yana yawo da maganar a unguwa.

Komai na mutumin burge shi yake. In rana ta yi sanyi malamin yakan ba yara aiki ya zagaya baya ya wanke allin hannunsa, ya ɗan jima, ya dawo har gashin kansa da danshi. Dattijo ya ce ku ga tsabta. Da malamin ya yi wajen wata guda yana ƙin gwaten accan da zumuntar mata ke kawowa, yana cewa azumi yake, dattijo ya tsaya a gaban matasa ya wanke su tas. "Ku ko na yini ɗaya sai kun suma. Ku dubi bawan Allah."

Kangyang kuwa kanta ya fara buɗewa, har tana warware wa wasu abin da a da ke sa ta kuka. Wannan ya ƙara wa ubanta ƙarfin baki. Ba Asabar ɗin da za ta wuce bai zaunar da Ɗan'uwa Ope ya yi masa karatun Dakta Abdulfatah ba: mugu, jahili da digiri, mai cin amanar 'ya'yan mutane. Malamin yakan saurara yana goge allo. Yarinyar kuma takan sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka rubuta jarrabawar ƙarshe, dattijo ya yanke shawara. Zai je kwalejin ya sa a ƙwace takardar 'yarsa daga hannun wancan, a ba mai tsoron Allah ya duba.

Ya tambayi Ɗan'uwa Ope, "Ran Litinin da safe, za ka raka ni, ɗana?"

"Can za ka same ni, Baba."

Kangyang ta durƙusa. "Baba, don Allah kar ka je. Ka bari in gaya maka..."

"Tsoronsa kike ji ko? Ni ba na ji."

Ran Litinin ya sa kwat ɗinsa ta Lahadi, ya maƙale Littafi Mai Tsarki a hammata, ya hau acaɓa ya bi ta Gada Biyu yana bitar kalaman da zai zuba. Aka ce shugaban sashe ya yi tafiya. Ya ce ya ma fi, a kai shi wurin mai laifin da kansa. Sakatariya ta shige gaba, ta ƙwanƙwasa wata ƙofa ta tura.

Ga Ɗan'uwa Ope zaune a bayan tebur, tarin takardun jarrabawa a gabansa, jan biro a hannu. Baba Dantong ya washe baki, daɗi ya cika shi.

"Har ka riga ni? Har sun miƙa maka takardun? Madalla. To ina shi munafukin?"

Sakatariya ta ɗan rusuna wa mai teburin ta ce, "Dakta Abdulfatah, ga wani baba yana nemanka."