Masu Zuwa Ran Asabar

Da safe ruwan kwamin ninkayar ya yi garau. Tun farkon damina gansakuka ta mayar da shi kore shar, sai da babban ɗan gidan ya kwashe ruɓaɓɓen ganye, ya goge bango, ya zuba kulorin, ya yi ta gwaji har tsamin ruwan ya daidaita.

Mahaifinsa ya dogaro sanda, ya tsoma yatsun ƙafa.

"Allah ya yi maka albarka. Jikokina da ke ƙasar waje za su zo daga Manila ke nan?"

"Ran Asabar za a zo, Baba," ya ce, idonsa a ƙasa.

Tsohon ya koma ciki neman wandon iyonsa. Shi kuwa ya kasa gaya masa masu sayen gidan ne za su zo.