Jarkar da Ba Ta Yoyo

Likita ta ce sukarin Kaka ya ƙi sauka, kuma hankalinta bai kwanta da jarkar da yake shan ruwa a cikinta ba, tunda ta maganin feshi ce a da. A raba shi da ita yau.

A gida Kaka ya rungume abarsa. "Ta girmi ubanka, ja'iri. Ranar da ta yi yoyo, ka yar da ita."

Ban yi musu ba, na jira barcinsa na rana.

Da ya farka, ruwa ya malale har bakin ƙofa. Ya duba gindin jarkar, ya tsinci wani abu a gefenta.

"Ashe ita ma ciwona ya kama ta, ba ta iya riƙe ruwa." Sai ya miƙo mini hannu yana dariya. "Ungo ƙusarka. Je ka sayo mana sabuwa."