Raƙumin Ƙarfe Sai Ya Mutu

Tun da aka fara maƙala wa yara na'urar labari a kunne, ba a ƙara ganin yaro ya yi kuka kan labari ba. Da zuciyarsa ta fara bugawa, sai na'urar ta sauya akala, komai ya ƙare da daɗi.

Ranar kasuwa, Lantana mai waina ta kai wa Malam Tanimu mai ɗinkin littattafai littafinta na ƙuruciya, labarin yaran da suka hau raƙumin ƙarfe zuwa duniyar wata. Jikokinta sun nace masa, ga shi shafin ƙarshe ya ɓace.

"Inna, ai wannan mai sauƙi ne," in ji shi. "Na'ura za ta cike miki."

Ta cike kuwa: raƙumi ya dawo lafiya, har da shagali.

"Ƙarya take yi!" Lantana ta buga tebur. "Raƙumin nan mutuwa ya yi a hanya don yaran su kai gida. Jiya jikata Uwani ta tambaye ni yadda ake kukan labari. To, yau za ta sani."

Ya sake gwadawa, na'urar ta sake raya raƙumin.

"Ɗauko alƙalami, Malam. Yana nan a kaina."

Ya zare na'urar da ya tashi da ita a kunne tun yana yaro, ya fara rubuta abin da take faɗa. Can sai ya dakata.

"Inna, ba yadda za a yi ya tsira?"

"Rubuta," ta ce.